Ranar da jan sukarinmu ya koma dutse

Wannan makon kicin za mu shiga, kuma ba don marmari ba. Wani abu ne ya same mu a farkon wannan zangon karatu da ya kusa cinye mana jari, muka ga bai kamata mu yi shiru ba, tunda mun san ba mu kaɗai ne ke haɗa karatu da 'yar sana'ar kek a ɗakin kwanan ɗalibai ba.

Mu uku ne a ɗaki, kuma tun muna aji biyu muka haɗa kuɗi muna yin kek da kukis da cincin muna sayarwa. Jarin ba wani mai kauri ba ne. Abin da muka tsakura daga kuɗin abinci ne, sai ɗan abin da yayar ɗaya daga cikinmu ta ranta mana. A watan Nuwamba muka sayi jan sukari kilo 2, wato wanda masu kek ke kira buraun suga. Muka yi aiki da kusan rabin kilo, muka murɗe bakin ledar, muka jefa a loka, muka tafi hutu. Da muka dawo a Janairu hunturu ya kankama, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso. Kwana biyu da dawowarmu wata 'yar ajinmu ta ba mu aikin kukis 100 da kek biyu na walimar ƙanwarta, ta biya rabin kuɗi, ta ce za ta karɓa ranar Asabar da safe. Muka kashe kafin alƙalamin nan kaf a kan fulawa da bota da ƙwai, tunda a lissafinmu sukari yana nan a ajiye.

Daren Alhamis muka buɗe loka. Abin da muka ciro bulo ne. Muka sa cokali, cokalin ya lanƙwashe. Muka buga shi a ƙasa, siminti ya amsa, shi ko gezau.

Maganar farko da ta fito daga bakinmu ita ce ya lalace, a zubar. To, a zubar a sayi wani da me? Jan sukari ba kamar fari ba ne da za a samu a kowane teburin mai shayi. Sai an shiga gari, sai babban kanti, kuma kuɗinsa ya ɗara na fari sosai, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Dole ta sa muka fara dabara, kuma dabarunmu biyu na farko duk asara suka jawo. Mun fasa gefe guda da dutse, muka sa a kwano muka zuba masa ruwa. Bayansa ya narke ya yi yauƙi kamar miyar kuka, cikinsa yana nan da taurinsa. Muka fasa wani gefen muka ɗora a kan risho cikin tukunya babu komai. Kafin mu ankara gindin ya narke ya yi baƙi, hayaƙi mai ɗaci ya cika ɗaki, saman kuma bai ko motsa ba. A cikin rabin awa mun hallaka kusan kofi biyu.

Ƙaurin ne ya kira mana maƙwabciyarmu, wata 'yar ajin ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai, wadda duk layinmu ke kira Anti. Ta leƙo ta ga ɓarnar, ta riƙe baki. "Ku yanzu wa ya aike ku? Akwai burodi a ɗakin nan?" Muka ce akwai guntun na safe. Ta ce, "To ku ajiye tukunyar nan tun kafin ku ƙona mana gini, ku nemo roba mai murfi."

Bayanin da ta yi mana a daren, da wanda muka bi muka karanta daga baya, ga shi a taƙaice. Idan an matse rake aka dafa ruwansa har ya yi kauri, ƙwayoyin sukari suna fitowa, sai inji ya juya su da ƙarfi ya raba su da wani baƙin maɗi mai danƙo da ake kira molasis. Farin sukari shi ne ƙwayoyin da aka wanke tas daga wannan maɗi. Jan sukarin da muke saye a leda kuwa, yawancinsa farin ne aka sake shafa masa maɗin. Mai hasken launi yana da maɗi wajen kashi 3.5 cikin 100, mai duhun kuma wajen kashi 6.5. Wannan ɗan maɗin shi ne komai: shi ke ba shi launi, da ƙamshin nan mai kama da alewa, da laushin da ya sa idan an damƙe shi yake dunƙulewa kamar jiƙaƙƙen yashi. Muddin akwai ɗan ruwa a cikin maɗin, ƙwayoyin suna zamewa a kan juna. Ranar da ruwan ya tsere, maɗin ya bushe ya zama gam, ya manne miliyoyin ƙwayoyi wuri guda. Shi ke nan an samu bulo.

Ke nan sukarinmu bai ruɓe ba, bai tsufa ba, ƙishirwa ce kawai ta kama shi. Iskar da ke tsotse ruwa daga leɓenmu da fatar ƙafarmu ita ce ta shiga ledar da ba mu rufe da kyau ba, ta yi mako shida tana aikinta. Mu da ke Arewa mun fi kowa haɗuwa da wannan, domin littattafan girki da bidiyoyin da muke koyo daga gare su ba su san hunturu ba. Kuma abin dariyar shi ne farin sukari da ja hannun riga suke: shi fari danshi ne ke dunƙule shi, shi ya sa yake curewa da damina, ja kuma rashin danshi ne ke sandarar da shi.

Maganin ƙishirwa ruwa ne, amma ba a zubawa. Wannan ne kuskurenmu na farko. Sukari yana narkewa a ruwa, don haka ruwan da aka zuba sai ya narkar da na waje ya tsaya nan. Abin da ake so shi ne danshi ya shiga ta iska, a hankali, ya ratsa 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyi har ya kai tsakiya. A nan burodi ya shigo. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin sabon burodi ruwa ne. Idan aka rufe shi wuri ɗaya da busasshen sukari, maɗin zai dinga jan danshin da burodin ke saki, har burodin ya bushe ƙamas, sukarin ya sake jiki.

Ga yadda muka yi. Mun ari turmi wurin mai sayar da abinci a bakin ƙofa, muka naɗe bulon a tsumma mai tsabta muka farfasa shi zuwa gutsattsari kamar girman goro. Wannan matakin kada a raina shi, domin danshi ya fi saurin ratsa ƙananan gutsattsari fiye da ƙaton dunƙule. Muka zuba a roba, muka ɗora yanka biyu na burodi a sama, muka shimfiɗa leda a baki kafin mu danna murfi don kada iska ta samu hanya. Muka kwanta da fargaba. Da safe muka buɗe, na kusa da burodin ya fara murmushewa a hannu. Muka juya shi, muka sa sabon yanka, muka tafi lacca. Zuwa la'asar ɗin Juma'a fiye da rabi ya dawo kamar ranar da aka saye shi.

Mai lokaci ya ba shi kwana guda cur, ko biyu idan ya sandare sosai. Amma a cire burodin da zarar aiki ya yi, kada a manta da shi a ciki har ya yi funfuna. Ana yi da yankan tuffa ma, sai dai mu a ganinmu tuffa ta fi ƙarfin wannan aiki, gara a ci abinta, kuma tana barin ƙamshinta a sukarin. Ɓawon lemu ma haka yake barin nasa, wanda ba laifi idan dama kek mai ƙamshin lemu za a yi. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya jiƙa hankici mai tsabta ya matse shi sosai, ya ɗora a kan 'yar leda ko murfin kwalba a cikin robar yadda ba zai taɓa sukarin ba, ya rufe.

Mu dai ba mu da kwana biyu, kuma akwai sauran gutsattsari masu taurin kai. A nan muka koma ga zafi, amma ba irin na daren jiya ba. Zafi yana sassauta maɗin kamar yadda yake tsinka zumar da ta daskare. Matsalar ɗora shi kai tsaye a wuta ita ce gindin tukunya yana wuce digiri 160 cikin ɗan lokaci, kuma daga nan sukari ya fara sauya launi, in an ƙara kaɗan ya ƙone, alhali na sama ko ɗumi bai yi ba. Sai muka tafasa ruwa a tukunya, muka sauke ta, muka ɗora kwanon silba mai ɗauke da sukarin a bakinta kamar za a turara dambu, muka lulluɓe kwanon da jiƙaƙƙen tsumma da aka matse, muka kife faranti a kai. Bayan kamar minti goma muka buɗe muka murƙushe da cokali mai yatsu, muka sake rufewa na ɗan lokaci. Ya yi laushi lilis.

Wanda ke gida kuma yana da maikurowef, aikin ya fi haka sauƙi: a sa a kwanon da na'urar ke karɓa, a rufa jiƙaƙƙen tsumma ko tishu mai kauri a kai, a kunna daƙiƙa 20, a fito a murƙushe, a sake in da buƙata. Kada a ba shi minti guda a tashi ɗaya, narkewa zai yi. Mai obin kuma ya baza shi a faranti ya sa a wuta ƙasa ƙasa, wajen digiri 120, na minti biyar, yana tsaye a kai. Duk hanyoyin zafin nan sharaɗinsu ɗaya: a auna a yi aiki da shi nan take, domin da ya huce zai koma gidan jiya, musamman na obin da ba a ƙara masa danshi ba. Saboda haka iya wanda za a yi amfani da shi kawai ake ɗumamawa. A kuma kiyaye hannu. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma manne wa fata yake yi. Ɗaya daga cikinmu har yau da tabo a babban yatsa.

Wata za ta ce, to me zai hana a daka shi a turmi a tankaɗe a wuce wurin? Ana yi, mu ma mun taɓa yi da ɗan kaɗan. Idan shayi za a sha ko kunu, ko wani abin da sukarin zai narke a ruwa, hakan ya wadatar. Amma a kek da kukis akwai abin lura guda biyu. Na farko awo. Duk inda aka rubuta kofi ɗaya na jan sukari, ana nufin a cika a danna shi har idan an kife ya fito da siffar kofin, kuma hakan yana kaiwa giram 200 zuwa 220. Busasshen gari ba ya dannuwa haka, sai a auna kofi a ɗauka an cika alhali an rage. Mu da muke awo da gwangwanin madara abin ya fi shafa. Wanda ke da ɗan sikeli ya huta da wannan. Na biyu kuma gudaji. Lokacin da ake buga bota da sukari, ƙwayoyin ne ke yanka 'yan ramukan iska a cikin botar, su ne daga baya ke buɗewa kek ya tashi. Guda mai tauri ba ya shiga wannan aiki. Yana nan a cikin kwaɓin har a gasa, sai ya narke wuri guda ya bar rami mai danƙo, ko ya tsaya da taurinsa ya haɗu da haƙorin mai saye. Wannan mai sayen ba zai dawo ba, kuma sai ya faɗa wa ɗakinsu duka.

Mun kuma yi tunanin mu maye gurbinsa da fari kawai. Anti ce ta hana, kuma tana da gaskiya a kan kukis ɗin da aka ba mu. Maɗin nan yana da ɗan tsami, kuma tsaminsa ne ke haɗuwa da bekin soda su fitar da iskar da ke ɗaga kwaɓi. Idan aka cire jan sukari aka bar sodar ba ta da abokin aiki, tashin zai ragu, kuma ana iya jin ɗanɗanonta mai kama da na kanwa. Baƙar hoda ba ta da wannan matsala, don ita da tsaminta take zuwa. Ban da haka, maɗin yana riƙe danshi, shi ya sa kukis na jan sukari ke yin taushi da ɗan danƙo, na fari kuma ya yi ƙarau. Wanda ya samu molasis a kanti yana iya haɗa nasa: babban cokali ɗaya a kofi ɗaya na farin sukari, a murza da hannu har launin ya daidaita. Af, kafin mu manta, masu cewa jan sukari na masu kula da lafiya ne su yi haƙuri. Ɗan ma'adinin da ke cikin maɗin bai taka kara ya karya ba, cokalinsa da na fari kusan ƙarfi ɗaya suke ba jiki. Don ɗanɗano ake sayensa, ba don magani ba.

Sai maganar firiza, tunda da yawa daga cikinmu can iyayenmu ke ɓoye irin waɗannan kaya don gudun kiyashi. Sukarin da aka ciro daga firiza yakan yi tauri, amma taurinsa daban ne. In dai an ɗaure shi da kyau, ruwansa yana nan, sanyi ne kawai ya ƙame maɗin. Ba ya buƙatar burodi ko tururi. A ajiye shi a ɗaki awa biyu zuwa uku, a murza ledar da hannu, zai dawo. Abin da ba a so shi ne a buɗe ledar tun yana da sanyi, saboda raɓar da ke taruwa a jikin kwalbar ruwan sanyi ita ce za ta taru a kansa, ta narkar da saman. A bar raɓar ta taru a bayan leda. Kuma a inda wuta ke ɗaukewa ta dawo sau uku a yini, firiza tana narkewa tana sake ƙanƙara, ledar da ba ta ɗauru ba za ta sha ruwa, ta kuma kwashi ƙarnin nama da kifi. In za a sa, a ninka leda biyu a matse iskar, a saka a roba. Firij kuwa, iskar cikinsa busasshiya ce, idan rufin bai yi kyau ba nan ma sandarewa zai yi.

Da muka ba Umman ɗaya daga cikinmu labari a waya, dariya ta yi ta ce, "Ku 'yan boko kun sha wahalar banza, ga mazarƙwaila a kasuwa." Ba ta yi ƙarya ba. Mazarƙwaila ita ce jan sukarinmu na gida, kuma ƙasar Maƙarfi a Jihar Kaduna ta yi suna da rake da ita. Bambancinta da na leda shi ne ba a raba ta da maɗinta ba tun farko: ruwan rake ne sukutum ake dafawa har ya kama, a zuba a kwanuka ya daskare. Irinta ce mutanen Indiya ke kira gur, mutanen Kolombiya kuma panela. Ita taurin nan halittarta ne, ba a jiran burodi ya sassauta ta. Gogewa ake yi a magogi, ko a narka ta. Mun gwada ta a kek bayan wancan aikin, muka narka a ɗan madarar da dama za a zuba a kwaɓin, muka tace da rariya mai laushi saboda wani lokaci akan samu ɗan tsakuwa ko ɓurɓushin rake. Kek ɗin ya yi duhu, ya ɗan fi nauyi, amma ƙamshinsa ya sa har daga wani layi aka zo tambaya. A kukis kuwa ba mu gama gano kanta ba tukuna, na farko bajewa suka yi a faranti suka zama ɗaya.

Yanzu ragowar sukarinmu yana cikin kwalba mai murfin murɗawa, a danne, da leda a baki. A ciki kuma akwai tsingaro. A ƙasashen waje ana sayar da wani ɗan faifan gasasshen yumɓu musamman don wannan aiki, a jiƙa shi a jefa cikin sukari. Da muka ga hotonsa muka ce ai wannan ɓallin tukunyar ƙasa ne. Yumɓun da ba a shafa masa komai ba yana shan ruwa ya riƙe, ya dinga sakinsa kaɗan kaɗan, dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan. Muka samo ɓallin sabon tulu wurin masu tukwane, muka goge bakinsa a dutse don kada ya zubar da ƙasa, muka wanke muka tafasa shi. Mukan jiƙa shi minti 15 zuwa 20, mu goge bayansa har ya daina sheƙin ruwa, mu binne a tsakiyar sukarin. Da muka ji saman ya fara ɓawo sai mu sake jiƙawa. Da hunturun nan kusan duk mako biyu muke yi. Idan damina ta sauka za mu cire shi.

Aikin walima kuwa, mun gama gasa tiren ƙarshe a tukunyar yashi wajen ƙarfe biyu na dare. Saboda kofi biyun da muka ƙona, sukarin bai kai ba, sai da muka cika kek na biyu da fari muka sa masa baƙar hoda. Kukis 94 suka fito maimakon 100. Mun faɗa wa mai aikin gaskiya da safe, muka rage mata kuɗin shida, ta ƙirga ta biya sauran. Tukunyar da ta ƙone kuma sai da ta kwana uku a jiƙe kafin ta wanku.